An Ce Saye Ne, Ashe Haya Ce

A kasuwarmu, in ciniki ya faɗa, mai kaya ya ce ya sallama, mai saye ya miƙa kuɗi, to magana ta ƙare. In akuya ka saya, kana iya kiwonta, kana iya yanka ta, kana iya ba ƙanenka kyauta, kana iya mai da ita kasuwa ranar da wata lalura ta taso. Ba a taɓa jin wanda ya sayar da akuya ya dawo bayan shekara biyu ya kwance ta daga turke, ya ce ai izinin kallonta kawai ya sayar maka ba. Duk wanda ya yi haka, ko yaron da ke tallan gyaɗa ya san sunan da za a kira shi da shi. To wannan ɗabi'a ce manyan kamfanonin na'urorin gem suke neman mayarwa sana'a, kuma suna yi ido na ganin ido, da lauyoyinsu a gefe. Abin da ke tafasa min zuciya ke nan.

Kamfanoni uku ne ke riƙe da wannan kasuwa: Sony na Japan mai PlayStation, Microsoft na Amurka mai Xbox, da Nintendo, shi ma na Japan. Na san akwai dattijon da zai karanta nan ya ce, "Malam, duk matsalolin da ke gabanmu, sai wasan yara ka ga dama ka yi rubutu a kai?" Baba, ka yi haƙuri ka ƙarasa. A watan Oktoban 2023 Microsoft ya kammala sayen kamfanin gem na Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69. Abin da ake zuba wa irin wannan dukiya ya wuce wasan yara. Kuma a unguwanninmu akwai magidantan da shagon gem ne ke ciyar da iyalinsu: talabijin uku ko huɗu, benci, janareto, sai samari suna biya suna buga ƙwallo. Duk hukuncin da aka yanke a Tokyo ko a Amurka, a kan bencin nan yake sauka.

Waɗanda suka tashi a farkon shekarun 2000 sun san yadda lamarin yake a da. PlayStation 2 ta fito a shekarar 2000 a kan dala 299. A 2002 ta koma 199. A 2009 ta sauko 99. Haka ƙa'idar take: na'ura tana tsufa, kuɗinta yana sauka, har ta iso hannun talaka. An sayar da PlayStation 2 fiye da miliyan 155 a duniya, kuma da yawa daga cikinsu sun yi rayuwa biyu ko uku. Wani yaro a Landan ya yi wasa da ita ya gaji, ta shiga kwantena da kayan gwanjo, ta sauka Legas ko Kwatano, ta hau mota zuwa Kano, ta zauna a shagon gem shekara biyar tana samar wa wani abinci. In ta lalace a kai wa mai gyara ya canja mata ido. Faifan ma haka. Ka saya, ka buga, ka ara wa abokinka, ku yi musaya, ka sayar ka cika kuɗi ka sayi wani. Ina tuna yadda faifan Winning Eleven guda ɗaya yake zaga unguwa har bayansa ya karce, ana goge shi da gefen riga. Ba rajista, ba intanet, ba wanda ya tambaye ka sunan ƙasarku. Ka jona wuta, ka sa faifai, wasa ya tashi.

Ba alheri kamfanonin suka yi mana da gangan ba. Ba su taɓa lissafi da mu ba. Amma faifai abu ne da ake riƙewa a hannu, kuma abin da ke hannunka naka ne, ko mai shi na farko ya so ko ya ƙi. Ta wannan ƙofar muka shiga. Ita ce kuma ƙofar da ake ta ƙoƙarin toshewa yau.

Sun fara gwadawa a fili a 2013. Microsoft ya sanar da cewa sabuwar Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, in ba haka ba ta daina buga gem, sannan za a sa wa aro da sayar da tsohon faifai takunkumi. Da aka tambayi shugaban sashen Xbox na lokacin, Don Mattrick, me marasa intanet za su yi, sai ya ce ai akwai tsohuwar Xbox 360, su tsaya a kanta. Jama'a suka yi ca, cikin 'yan kwanaki Microsoft ya janye. Sony kuwa ya ci kasuwa da abin. Ya fitar da ɗan gajeren bidiyo inda babban jami'insa Shuhei Yoshida yake miƙa wa abokin aikinsa faifai hannu da hannu, wai ga yadda ake aron gem a PlayStation 4. Aka yi ta tafi. PlayStation 4 ta yi wa Xbox One fintinƙau a kasuwa, kuma wannan alkawari yana cikin dalilan.

Ina alkawarin yake yanzu? A 2020 Sony ɗin nan ya fito da PlayStation 5 iri biyu, ɗaya ba ta da wurin sa faifai sam. Microsoft ya fito da Xbox Series S, ita ma haka. A watan Nuwamban 2024 aka fito da PlayStation 5 Pro a kan dala 700, kuma duk tsadarta ba ta cin faifai. In kana so ta ci, sai ka ƙara dala 80 ka sayi na'urar faifan daban, kuma ita ma ba za ta yi aiki ba sai an haɗa ta da intanet a karon farko, kamfani ya sa mata albarka. Nintendo, wanda ake yi wa kallon mai riƙo da tsohuwar al'ada, ya zo da tasa dabarar a Switch 2 da ta fito a watan Yunin 2025. Ana sayar da wasu wasannin a kati cikin kwali, ka biya ka kai gida, ashe babu gem a cikin katin. Makulli ne kawai. Gem ɗin yana can a rumbun kamfani, sai ka sauke shi da datarka. Ranar da suka rufe rumbun, abin da ke hannunka ya zama guntun roba. Abin da aka ƙi karɓa daga Microsoft da rana tsaka a 2013, an shigo da shi ta bayan gida, kaɗan-kaɗan, har mutane suka saba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In ka sayi faifai a shago, mai shago yana da rabo, kuma in ka sayar wa wani, kamfani bai ga ko sisi ba. In kuwa PlayStation ɗinka ba ta cin faifai, shago ɗaya ne tak a duniya da za ka iya sayen gem, wato shagon kamfanin da ke cikin na'urar. A nan su ke yanka farashi, su ke karɓar kashi 30 cikin 100 na kowane ciniki, ba ragi, ba tayi, ba maƙwabcin da za ka je wurinsa. Tun 2019 Sony ya hana sauran 'yan kasuwa sayar da lambobin sauke wasanninsa, don kada ma a samu mai karya farashi. A Birtaniya an kai kamfanin ƙara a madadin miliyoyin masu saye a kan wannan kashi 30, ana neman diyyar biliyoyin fam. Ka ɗauka a ce a duk Kano mutum ɗaya ne aka yarda ya sayar da shinkafa, kuma tukunyar da ya sayar maka ba ta dafa ta kowa sai tasa. Wa zai kira wannan kasuwa?

Wanda yake ganin na cika baki, ya dubi abin da ya faru da The Crew, wani gem na tseren mota da kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a 2014. Mutane sun saya da kuɗinsu, wasu har da faifai. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin ya kashe na'urorin da gem ɗin ya dogara da su, shi ke nan ya mutu a hannun kowa, har wanda yake son ya yi tsere shi kaɗai a ɗakinsa. Da aka kai su kotu a Kalifoniya, amsar lauyoyinsu ita ce tun asali mutane ba su mallaki gem ɗin ba, izinin amfani kawai suka saya. Watanni kaɗan kafin a kashe gem ɗin, wani jami'in kamfanin, Philippe Tremblay, ya faɗa a wata hira cewa ana buƙatar masu wasa su saba da rashin mallakar wasanninsu. A Disamban 2023 Sony ma ya sanar da cewa zai goge shirye-shiryen talabijin na Discovery daga ma'ajiyar mutanen da suka saye su, sai da aka yi masa rubdugu ya fasa. To in izini ne, me ya sa aka rubuta "saya" a kan maɓallin? Haya ba haramun ba ce. Mai gidan haya yana gaya maka haya ce, ga kuɗin wata, ga ranar tashi. Abin da ba a yarda da shi ba, a addini da a al'ada, shi ne ka karɓi kuɗin saye ka ba da haya, kuma wa'adin hayar yana cikin aljihunka, kai kaɗai ka san shi. Kowane ɗalibin fiƙihu da ya karanta babin ciniki ya san cewa saye yana mai da mallaka ga mai saye, kuma cinikin da aka ɓoye sharaɗinsa akwai yaudara a ciki. Sai da jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2024 da ta hana a rubuta "saya" a kan kayan intanet ba tare da an bayyana wa mutum cewa izini ne yake karɓa ba. Abin kunya ne a ce sai doka ta tilasta wa attajiri faɗin gaskiyar abin da yake sayarwa.

Da a ce sun ƙwace mallaka sun rage kuɗi, da sai a ce an yi musaya. Ina! Wannan ne zubi na farko da na'ura take tsufa kuɗinta yana hawa. PlayStation 5 mai cin faifai ta fito a kan dala 500. Sony ya ƙara mata kuɗi a Turai da Japan a 2022, ya sake ƙarawa a wasu ƙasashe a Afrilun 2025, sannan a watan Agustan 2025 ya ƙara dala 50 a Amurka, mai shekara biyar ta koma 550, Pro ta koma 750. Xbox Series X da ta fito a kan 500 ta koma 600 a watan Mayun 2025, ta koma 650 a Oktoba. Gem ɗin da aka saba saye dala 60 ya koma 70 tun 2020, Nintendo kuma ya sa wa Mario Kart World 80. Suna kuka da tsadar kayan haɗi da harajin da gwamnatin Trump ta ɗora wa kayan waje. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma harajin Trump bai cire wa na'ura wurin faifai ba, kuma ba shi ya kashe The Crew ba.

Yanzu mu juya lissafin zuwa naira. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500 a 2024. A kan wannan canji, gem ɗaya na dala 70 ya haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. Ma'aikaci ya yi wata guda cur bai samu kuɗin gem ɗaya ba. A da maganin wannan shi ne tsohon faifai. Yanzu fa? Ko ka samu kuɗin, wasu manyan wasannin, irin su Call of Duty, sun haura gigabait 100, kuma ba a daina aiko musu da gyare-gyaren da dole sai ka sauke. A Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Ka fara saukewa, wuta ta ɗauke, ka tada janareto da fetur ɗin da kowa ya san kuɗinsa. Mai shagon gem da a da yake sayen faifan ƙwallo ɗaya ya yi shekara yana juya shi, yau ga kuɗin data, ga kuɗin rajista, ga fetur, kuma yaran unguwa ba za su iya biyan ninki uku ba.

Abin da ya fi ci min rai ma shi ne wannan. Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da sunansu. Nijar ma haka. Ɗan Kano ko ɗan Maraɗi da ya sayi na'ura da halalinsa, sai ya rubuta cewa a Amurka ko Ingila yake zaune, ya ƙirƙiro adireshi, sannan ya nemi katin kuɗi na can a hannun 'yan tsakiya da riba a kai. Wato tun ranar farko an tilasta masa yin ƙarya, kuma duk abin da ya tara a asusun yana tsaye ne a kan wannan ƙarya. An ga inda abin yake kaiwa a watan Mayun 2024. Sony ya ce duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta sai ya haɗa da asusun PlayStation, bayan an yi wata uku ana sayar da gem ɗin ga kowa. Nan take aka cire shi daga kasuwa a ƙasashe da yankuna sama da 170, yawancin Afirka na ciki. An janye sharaɗin bayan 'yan kwanaki, amma don 'yan Turai da Amurka sun yi bore ne. Kuɗinmu yana shiga, sunan ƙasarmu ne ba ya shiga.

Sai kuma abin da ya kamata iyaye su buɗe ido a kai. Wasan ƙwallon da yaranmu suka fi so, FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, yana da wani sashe da ake kira Ultimate Team. A ciki yaro yana biyan kuɗi na gaske ya sayi ƙunshin 'yan wasa a rufe, bai san wa ke ciki ba sai ya buɗe. Ko ya dace da gwani, ko ya tashi a tutar babu ya sake biya. Kamfanin EA mai wasan ya samu dala biliyan 1.6 daga wannan sashe na wasanninsa a shekarar kuɗi ta 2021 kaɗai. Ka sa kuɗi a kan abin da ba ka gani ba, kana fatan sa'a: da Hausa sunan wannan caca. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta faɗi haka tun 2018, har EA ya daina sayar da kuɗin wasan a ƙasar a farkon 2019. Mu da muke kukan yadda cacar ƙwallo ta cinye samarinmu, ga makarantar share fagenta an shigo mana da ita har falo, kuma masu na'ura suna karɓar kasonsu a kan kowane ƙunshi.

Microsoft shi ya fi kowa nisa a harkar haya. Ya zo da Game Pass, ka biya duk wata ka buga ɗaruruwan wasanni. Da farko da araha, har mutane suka daina saye. Da aka shiga hannu, a Oktoban 2025, babban tsarin ya tashi daga dala 20 zuwa 30 a wata, ƙarin rabi a dare ɗaya. Wanda ya yi shekara biyar yana biya, ranar da ya daina ba shi da ko gem ɗaya da zai nuna. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kuma kada wani ya ce kuɗin yana tafiya ne ga masu haɗa wasannin. Wata uku bayan cinikin dala biliyan 69, Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen gem. A watan Fabrairun 2024 Sony ya sallami 900, ya rufe reshensa na Landan. A watan Mayu Microsoft ya rufe Tango Gameworks na Japan, waɗanda gem ɗinsu Hi-Fi Rush bai daɗe da cin lambar yabo ta BAFTA ba, sai wani kamfanin Koriya ta Kudu ne ya tsamo su. Sony ya narka dukiya a Concord, gem ɗin da aka tsara don ya riƙa tatsar mutane shekara da shekaru, ya fito a watan Agustan 2024, bayan mako biyu aka janye shi, aka rufe kamfanin da ya yi shi. Manya suka yanke shawarar banza, ƙanana suka rasa abinci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce min, "Ku da kuka cika kasuwa da faifan kwafi, kuka yi ta buɗe na'urori kuna loda wasannin sata, da wane baki za ku yi magana?" Gaskiya ne, an yi, ana ma yi, kuma ban halatta shi ba. Haƙƙin mai fasaha haƙƙi ne, mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da 'yan fim ɗin Kano mun fi kowa sani. Amma wanda ya ƙi buɗe shago a garinku, ya ƙi karɓar kuɗinku, ya ƙi rubuta sunan ƙasarku, shi ya bar filin ga ɓarayi. Kuma duk takunkumin nan, mai gaskiya yake kamawa. Mai gem ɗin sata ba ya jiran intanet, ba a rufe masa asusu. Wanda ya biya shi ne ake kashe wa wasa. Nintendo ya rufe shagon intanet na na'urorinsa 3DS da Wii U a 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a 2024, wasannin da ba su taɓa fitowa a faifai ba suka rasa hanyar saye ta halal. Wani bincike da gidauniyar adana tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da aka fitar a ƙasar ba a samunsu a kasuwa. Wa ya ɓatar da su? Ba ɗan Kano ba ne.

A Turai mutane ba su naɗe hannu ba. Bayan mutuwar The Crew, wani mai suna Ross Scott ya fara gangamin Stop Killing Games, kuma a 2025 takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya. Buƙatarsu ba ta da yawa: in kamfani ya gaji da gem, ya bar shi a yanayin da wanda ya saya zai ci gaba da bugawa. An gani a 2013, an gani a 2023, an gani a 2024, duk lokacin da masu saye suka haɗa kai suka ƙi, kamfanonin nan suna ja da baya.

Mu ma muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda ta nuna tana iya tunkarar manyan kamfanonin waje lokacin da ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a 2024. Ina kira gare ta da ta dubi yadda ake sayar wa 'yan Najeriya na'urorin da ba za su iya yi wa rajista da sunan ƙasarsu ba, ta kuma dubi cacar da aka cusa a wasannin yara. Kai kuma ɗan'uwa mai shagon gem, da kai uba da ɗanka ya dame ka da roƙo, in za ku sayi na'ura ku duba gabanta da kyau. In ba ta da bakin da ake sa faifai, ku ajiye musu kayansu, komai rangwamen da aka yi muku. Tsohuwar da ke gida kuma, in tana aiki, kada ku rabu da ita, da ita da faifanta.